Ɗakin da Baba Bai Kunna wa Fitila Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a gidansa na Tsibiri, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, a kan makarar da shi da kansa ya sake wa ƙafafu shekarun baya.

Ni ne ɗan fari, saboda haka ni aka zaunar a tsakiyar tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Jama'a sun zo daga Maraɗi, sun zo daga Jiratawa, har da waɗanda rabona da su tun ina yawo ba riga. Na yi zaton za a yi ta maganar ƙofofi da gadajen da ya ƙera, tunda kafinta ne shekara hamsin, kuma babu lungun da ba a samun aikin hannunsa. Ashe ba wannan ne ya tsaya wa mutane a rai ba.

Wani tsohon abokinsa, wanda suka yi koyon sana'a tare, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ina ɗan gidan nan nashi mai hitilu? Kada ku bari shi lalace. Wallahi Auta ta yi ƙoƙari, Allah shi yi mata albarka."

Na ce amin. Liman ya zo, ya yi addu'a, ya ce bai taɓa ganin tsoho mai neman sani irin Baba ba, mutum ya haura saba'in ya zauna gaban 'yarsa tana koya masa. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce shi har hoton abin ya ɗauka a waya ya nuna wa iyalinsa. Daga cikin gida ina jiyo muryar Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gaya wa mata cewa Auta ce ta faranta wa yayanta rai a ƙarshen kwanansa. Kowa ya ambaci Auta sai in ce amin, a baki kawai. A ranar da aka binne ubana kishin ƙanwata nake yi. Na san ba kyau, na kuma roƙi Allah gafara, amma ba zan rubuta ta'aziyyar mutum mai gaskiya in cika ta da ƙarya ba.

Ga abin da suke magana a kai. Da ƙarfin Baba ya ragu ya bar manyan ayyuka, sai ya zauna a zaure da guntayen katako ya ƙera gidanmu, ƙarami, wanda zai hau kan tebur. Bai bar komai ba: zaure, tsakar gida, rumbun gero, madafar Inna, ɗakuna da 'yan tagoginsu, har da ƙofar gida da ke buɗewa a kan ɗan ƙarfe. Ya sa wa kowane ɗaki ƙwan fitila ƙarami kamar ƙwayar wake. Ƙarƙashin gidan ya ɓoye wani ɗan allo mai girman kwalin ashana biyu, wanda ake rubuta wa umarni a kwamfuta, shi kuma ya riƙa kunna fitilu da kashe su yadda aka tsara masa. Baba ƙwaƙwalwa yake ce masa. In aka jona wuta, fitilu su kama ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗaki yana kamawa, ban da nawa.

Wanda bai san Baba ba zai ce to me zai hana in tambaye shi. Tsakaninmu ba a tambaya. Mutumin da ne, mai alkunyar ɗan fari irin ta ainihi. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa yaba mini ba. In zai yi mini magana, bango yake kallo.

"An iso?"

"An iso, Baba."

"To madalla."

Hirarmu ke nan, wani lokaci ta mako guda. In yana son aike sai ya ce a gaya wa wancan. Da na zama mai aikin lantarki sai na samu ƙarin girma, na koma "mai wuta". Na san al'ada ce, kowa ya san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. Ina kallo Auta ta hau wuyansa tana ja masa gemu, yana kiranta da suna uku, duk na shagwaɓa.

Lokacin da nake koyon aiki a Maraɗi, kafin a jawo wuta gidanmu, da keke nake komowa Tsibiri bayan magariba. Baba yana zaure da fitilarsa ta ƙwai. Ina tura ƙofa in yi sallama, sai ya amsa, ya miƙe, ya ɗauki fitilar, ya ratsa tsakar gida, ya ajiye ta a ɗakina, ya juya. Ko sannu da hanya babu. Ni a wancan lokaci fassarar da na yi wa abin ita ce: ga ɗakinka can, wuce, kada ka tsaya mini a nan.

Haka kuma ranar da na kama shago a Sabon Gari, cikin Maraɗi. Na tafi ɗauko kaya, na dawo na tarar an kafa mini kanta da tebur, an goge su sumul. Maƙwabcina mai sayar da taya ne ya ce wani dattijo ya zo da amalanke, ya yi aikinsa, ya sha ruwa, ya tafi. Da na je yin godiya Baba ya ce wai ragowar katako ne ya rasa inda zai kai.

Yana da kalma ɗaya da yake magance komai da ita. In ya shafa gam a katako, sai ya ce a bar shi ya sha iska. In maƙwabta sun kawo masa rigimar iyakar gona, a bar ta ta sha iska. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce ko gobara ta tashi mutumin nan cewa zai yi a bar ta ta sha iska.

To, gaskiyar da ta fi yi mini nauyi ita ce wurina ya fara zuwa. Wata Alhamis ya shigo Sabon Gari da ɗan gidan a kwali, ya tsaya bakin shagona, ya kalli rufi ya ce, "Ana son hitilun ga su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Ai da sauƙi, Baba. A sa wa kowane ɗaki makunni."

"Ba da hannu ba. Da kansu."

Na san akwai irin waɗannan alluna, ina ganinsu wurin masu sayar da kayan gyara. Amma ni waya na sani, da mita, da fis. Rubuta wa na'ura umarni ban iya ba, kuma bakina ya ƙi furta haka a gaban mutumin da na shekara arba'in ina jira ya ce na iya wani abu. Sai na ce, "Baba, wannan wasan 'yan lakwal ne, yaran makaranta. Ni gidajen mutane na gaske ke jirana."

Ya rufe kwalinsa a hankali. Ya ce, "To. A bar shi ya sha iska."

Bai sha iska ba, Jiratawa ya tafi. Auta can take aure, malama ce a sakandare, ta karanci kwamfuta, kuma ta riga ta haɗa irin allon a lambun mijinta, yana buɗe wa tumatir ruwa yana rufewa a kan lokaci. Gwaggo ta ba ni labarin, don tare suka je. Ta ce Baba ya durƙusa bakin kwalbatin ruwa yana kallon abin, ya ce, "Wa ya gaya mishi lokaci ya yi?"

Auta ta ce, "Ni na rubuta mishi, Baba."

"Kuma shina jin magana?"

"Abin da aka rubuta mishi kaɗai yake yi, ba ƙari ba ragi."

"To ya hi ɗiyana," in ji Baba.

Daga nan kowace Asabar Auta ke hawa mota daga Jiratawa, ta ratsa Maraɗi, ta sauka Tsibiri da tsohuwar kwamfutarta a jaka. Ta gaban shagona take bi. Wani lokaci har ta tsaya ta ce, "Yaya, a taimaka mana da 'yan rezistans, Baba ya sake ƙona ƙwai huɗu." In ɗebo in ba ta, fuskata a ɗaure. Da ni aka tambaya, a rana ɗaya zan gaya masa cewa ba a jona irin ƙwan nan kai tsaye, sai an sa masa rezistans, abin rage ƙarfin wuta, kuma doguwar ƙafarsa da gajeriyar kowace da wurinta. Na san wannan tun Auta tana goye. Amma ba a tambaye ni ba, ni kuma ban yi tayi ba.

Ranar Juma'a nake zuwa gaisuwa, wani lokaci kuma in leƙa ranar Asabar, don haka na ga karatun nasa da idona, ta gefen ido. Baba bai yi lakwal ba, yaƙi da jahilci kawai ya yi, yana haɗa baƙi a hankali. Sai ya samo littafin 'yan makaranta, ya riƙa rubuta abin da yake so da Hausa da fensirinsa na kafinta: ta ɗaya ta kama, a jira, ta biyu ta kama. Auta ta nuna masa yadda ake faɗin haka da yaren na'urar, shi kuma ya kwafa da yatsa ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ranar da fitilarsa ta farko ta yi ƙyaf ta mutu, ta sake yin ƙyaf, sai da ya aika aka kira masa abokansa na bakin masallaci. Tsofaffi biyar suka zauna suna kallon ƙwai ɗaya yana ƙifta ido.

Ya sha wuya wurin lokaci. Ya rubuta a jira biyar, yana nufin daƙiƙa biyar, sai fitilun suka kama gaba ɗaya kafin ya ɗaga kai. Ya ce abin ya raina shi. Auta ta yi masa bayani cewa ita ƙwaƙwalwar daƙiƙa ɗaya kashi dubu take raba ta, in yana son biyar sai ya rubuta dubu biyar. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wanga abu da gaggawa yake, awa direban Kano." Ina zaune a bakin ƙofa ina jin dariyar. Ni bai taɓa yin irinta da ni ba.

Wanda ya fi ba shi daɗi shi ne murhun Inna. Ya ce wutar itace ba ta tsayawa cak, rawa take yi. Suka sa ƙwai ja da rawaya tare, suka rubuta wa ƙwaƙwalwar ta riƙa canza musu ƙarfi ba tsari, yanzu sama yanzu ƙasa. Da ya gani sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ko ni da nake fushi na ga tuwon Inna a kan wutar nan.

Da ƙaramar Salla ya tara mu bayan la'asar. Aka rataya tabarma a ƙofar zaure don a samu duhu, ya jona wuta. Fitilar zaure ta fara kamawa, wato tasa. Sai murhu, sai ɗakin Inna, sai na Gwaggo, sai na ƙannena maza. Na Auta ya ƙifta sau biyu kafin ya tsaya, wai don tana yarinya ba ta barin lagwani ya huta. Kowa ya yi dariya. Na jira. Ɗakina yana can kusa da rumbu, da tagarsa, ina hango ƙwan a ciki, amma baƙi ƙirin.

Gwaggo ta ce, "Na babban hwa?"

Baba ya kalli bango ya ce, "Ba a gama ba."

Matata tana wurin, 'ya'yana suna wurin. Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. A ranar na ƙudura a raina cewa hannuna ba zai taɓa ɗan gidan nan ba har abada.

Watanni suka wuce, Auta na ta zuwa, har ta ƙara da Lahadi. In na shigo sai in tarar sun haɗa kai a kan littafin, su ga ni su yi shiru. Ɗakina bai kama ba. Na ce a raina, murhu ma an yi masa rawa, rumbu ma an sa masa haske, ni ne aikin ya gagara a kaina.

Wata Asabar bayan damina na shigo na same shi fuskarsa a sake. Bayan "an iso" ya ƙara da abin da bai saba ba. Ya nuna ɗan gidan da haɓa ya ce, "Da za a samu mai tura ƙohwar nan da yatsa."

Auta ta dube ni tana murmushi, murmushin nan ne ya ƙarasa ni. Na ɗauka wata sabuwar gwaninta ce za a nuna mini in yi tafi. Na ce, "Auta ta tura mana. Ai gidanta ne, ita ta san wanda aka sa a ciki da wanda aka fitar."

Ta ce, "Haba Yaya."

Na ce, "Ba haba. Kin zo kin zauna kin raba ɗakuna, kin ba kanki mai ƙyaftawa. Ni da nake sa wa rabin Sabon Gari wuta, a gidan ubana nake cikin duhu."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba sai ranar. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya kalli ƙasa ya ce, "A bar shi ya sha iska." Ya jawo ƙyalle ya rufe ɗan gidan.

Sau ɗaya ya sake tayar da maganar, yana kwance a jinyarsa ta ƙarshe, ina gyara masa matashi. Ya ce, "Ƙohwar ɗan gidan nan, har yanzu ba a tura ba." Na gane sarai abin da yake nufi. Na ce, "Za a tura, Baba, in ka samu sauƙi." Ko a nan girman kaina bai sauka ba, jinkiri na nema. Kwana uku bayan haka ya cika.

Ranar sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, Gwaggo ta ce a ba Auta ɗan gidan ta tafi da shi Jiratawa, tunda wahalarta ce. Na ce haka ya dace, ina kallon waje. Auta ta miƙe. Ta shiga zaure, ta yaye ƙyallen, ta jona wuta, ta kira ni.

"Yaya, Baba ya ce shagonka za a kai shi. Ya kuma hana ni gaya maka komi, ya ce sai ka tura da hannunka. Na riƙe mishi alkawari yana da rai, na sha zagi a kai. Yanzu don Allah ka tura."

Fitilu suka gama kamawa, zaure da murhu da sauran. Na sa yatsa na tura 'yar ƙofar.

Fitilar zaure ta mutu. Wani ɗan haske ya bayyana a bakin tsakar gida, ya mutu, wani ya kama gaba da shi, ya mutu, wani ya kama kusa da rumbu. Ƙwai uku ne ya binne a ƙasan katakon, ban taɓa lura da su ba. Haske yana tafiya a hankali, tafiyar mutum mai ɗauke da fitila. Sai ɗakina ya kama. Zaure ya zauna cikin duhu.

Na tsaya ina kallon zauren nan. Shekara nawa ina tura ƙofa ana kai mini fitila, ban taɓa waiwayawa na tambayi kaina da me shi yake komawa ya zauna ba. Fitilar maza ɗaya ce a gidan.

Auta ta buɗe mini littafinsa. Ta ce wannan ne ya ci musu watannin nan duka. Baba ya ɓoye ɗan maganaɗisu a jikin ƙofar don ƙwaƙwalwar ta san an buɗe. Amma yadda ya fara koyo, in aka ce mata ta jira, barci take yi, ba ta jin komai har lokacin ya cika, sai a tura ƙofa ba ta sani ba. Auta ta ce masa a bar shi haka, mai turawa ya ɗan riƙe ƙofar. Ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa barin wancan ya tsaya a bakin ƙofa ba. Dole ya sake koyon abin daga tushe, yadda za ta riƙa duba agogo tana aikinta, kunnenta kuma na kan ƙofa. Shafi goma sha ɗaya na ƙirga, duk gogewa da sake rubutu. A saman kowane shafi ya rubuta "na mai wuta".

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma sai na biya ta da koyo, don ba za ta riƙa zuwa Sabon Gari gyara ba. Yanzu ni ke hawa mota zuwa Jiratawa ranar Asabar, da furfurata, ina neman haruffa da yatsa ɗaya, tana yi mini dariya. Kishin bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Ita ta samu Asabar ɗin nan duka tare da shi, ta ji dariyarsa, ta ga ranar da abin ya yi aiki. Ni aka yi wa aikin, ita ta ci zaman, kuma ni na mayar da shi daga bakin shagona da kwalinsa.

Ɗan gidan yana kan teburin da ya kafa mini. Da na fara gane rubutun, Auta ta nuna mini layin da ke kashe fitilar zaure. Ta ce in na goge shi, nawa da nasa za su riƙa kamawa tare. Na ce a bar shi yadda mai shi ya rubuta.

Da safe in na buɗe shago nakan tura 'yar ƙofar sau ɗaya, in kalli hasken ya ratso tsakar gida ya iso ɗakina. Sannan in rufe ta, fitilar ta koma zaure. Zaman da ya yi a duhu saboda ni ya isa haka.

Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a gidan rahama, ya haskaka masa kabarinsa.